Ƙudurin Da Na Janye Da Bakina

Zainab, ke kika jawo wannan babin, don haka ke za ki fara karanta shi kafin ƙannenki. Kin dawo daga biki a Tudun Wada idonki jawur, kika ce wata mata ta nuna ki da baki ta ce wa ƙawarta, ai 'yar mutumin nan ce da aka toshe wa baki ya janye ƙudurinsa a majalisa. Kika tambaye ni ko gaskiya ne, na ce miki ki je ki ci abinci. Na san wannan ba amsa ba ce. Shekara da shekaru ita nake ba mutane har ta zame min jiki. To yanzu wanda na yi wa alkawarin yin shiru ya riga mu gidan gaskiya, kuma kafin ya tafi da bakinsa ya sauke min alkawarin. Sai ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Kun san ni malamin makaranta ne, alli na sani da allo. Mutanen mazaɓarmu ne suka matsa sai na tsaya takarar majalisar dokoki ta jiha, a jam'iyyar da ba ita ke da gwamnati ba, kuma Allah cikin ikonsa ya ba ni. Sai ga ni a ɓangaren marasa rinjaye, mu 'yan tsiraru a gefe guda na zauren. Na kama hayar wani tsohon gida a Nassarawa GRA don ya fi kusa da aiki. Sunan unguwar ne kawai muka ci, domin rufin gidan yoyo yake yi, mamanku Hajiya Rabi kuwa duk damina sai ta jera robobi a falo tana cewa, “Malam, wannan shi ne GRA ɗin da ake ta yi mana hassada a kai?” Amma akwai mangwaro, akwai inuwar darbejiya, akwai kuma Malam Hudu maigadi, mutumin Jigawa, wanda rediyo ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Kowace safiya kafin in fito ƙofar gidan ta cika da 'yan mazaɓa, shi yake shimfiɗa musu tabarma.

A daminar shekarata ta uku a majalisa abin ya faru. Gwaggonku Hauwa, yayata da ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana zaune a bayan gari tare da ɗanta Nasiru. Bayan gidansu akwai wani ƙaton rami da masu tifa suka shekara suna ɗibar ƙasa a ciki, da suka gama suka kaɗe rigunansu suka yi gaba. Ruwa ya sauka ya cika shi fal, har ba a gane ina ne gaɓa. Ummi, 'yar Nasiru, yarinya ƙarama mai wayo da surutu, ta bi akuyarsu da ta tsinke. Akuyar ta dawo gida, ita ba ta dawo ba. Allah ya jiƙanta. Har yau in na tuna takalminta da aka tsinta a bakin ramin sai in ji abinci ya fita raina.

Ranar sadakar uku Yaya ta kira ni ɗaki. Ba ta yi kuka ba, da ma ita ba mai kuka a gaban mutane ba ce.

“Isiya,” ta ce, don ita kaɗai ce ba ta taɓa kira na Isyaku ba, balle Honarabul. “An ce ku ne kuke yin doka.”

Na ce, “Mu ne, Yaya.”

“To ka je ka yi wadda za ta hana mutum ya haƙa rami ya tafi ya bar wa 'ya'yan mutane. Ban roƙe ka mota ba, ban roƙe ka kujerar Makka ba. Wannan kaɗai nake so.”

Na ce mata in Allah ya yarda sai na yi. A gaban Nasiru na faɗa, da matan da ke ɗakin.

Yanzu dole in yi muku ɗan darasi, ku yi haƙuri, malami ba ya daina halinsa. Doka ba a wuni ɗaya ake yin ta ba. Kafin ta zama doka sunanta ƙuduri. Wani daga wajen gwamna yake zuwa, wani kuma ɗan majalisa ne yake kawo shi da kansa, kamar nawa. Na zauna da lauyan majalisa muka tsara shi sashe-sashe: duk wanda zai haƙi ƙasa ya nemi izini, ya kewaye wurin tun yana aiki, in ya gama ya cike. Na miƙa wa Akawun Majalisa, na yi ta sintiri wajen kwamitin da ke tsara ayyukan zama har aka sa shi a jadawali. Daga nan sai karatu na ɗaya. Kada sunan ya ruɗe ku, ba a karanta komai sai sunan ƙudurin. Akawu ya miƙe ya faɗi sunan, Kakaki ya buga guduma, shi ke nan, ba muhawara. Ranar Malam Hudu ya ji a rediyo, ya tare ni a ƙofa yana washe baki.

“Ranka ya daɗe, an yi doka!”

Na ce, “Haba Malam Hudu, yanzu aka yi sallama a ƙofar gida, ko tabarma ba a ba mu ba.”

Karatu na biyu shi ne wurin da ake mutuwa ko a yi rai. Ranar mai ƙuduri yake miƙewa ya yi bayanin abin da ya sa ya kawo shi, wani ya mara masa baya, a tafka muhawara. In an gama Kakaki ya ce masu goyon baya su ce e, waɗanda ba sa so su ce a'a, ya saurari ɓangaren da muryarsa ta fi ƙarfi. In e ta yi rinjaye sai a tura shi kwamiti, a kira jama'a a ji ra'ayinsu. In a'a ce kuwa, to ƙa'idar zama ta ce ƙudurin da aka kayar ba ya sake shigowa zauren a wannan shekarar zaman, ko da an canja masa riga, ko da wani ne ya kawo shi. Mu kuma lokacin da layi ya zo kaina mun riga mun shiga shekararmu ta ƙarshe. Duk abin da bai kammala ba kafin wa'adinmu ya cika, tare da majalisar zai mutu, sabuwa in ta zo sai ta faro daga tushe, in ma akwai wanda ya damu ya faro. Ku riƙe wannan, a kansa komai ya rataya.

Ana saura 'yan kwanaki a yi karatu na biyun, mun idar da la'asar a masallacin layinmu, sai Alhaji Garba ya riƙo hannuna. Shi ne Shugaban Masu Rinjaye, wato jagoran 'yan jam'iyyar gwamnati a zauren, kuma maƙwabcina ne, gida uku tsakaninmu. Dattijo ne mai sanyin magana. A zaure mukan yi kaca-kaca da shi, a waje kuwa shi yake aiko wa mamanku kaji da sallah. Ya ja ni gidansa, muka zauna a gindin bishiya aka kawo fura.

“Malam Isyaku,” ya ce, “na karanta ƙudurinka daga farko har ƙarshe. Wallahi abu ne mai kyau. Kuma za a kayar da shi.”

Na ajiye ludayi. Na ce, “Saboda me?”

“Saboda sunanka ne a kai. Zaɓe ya ƙarato. Yaranmu sun zauna sun ce ba za su ɗora wa ɗan adawa rawani ya je yana yawo da shi a mazaɓu ba. Na yi iya yina, sun fi ƙarfina. Ka ƙirga mu ka ƙirga ku.”

Kun san zuciyata. Nan take ta hau. Na ce masa yarinya ta mutu, su suna lissafin rawani? Na ce to a kayar ɗin, duniya ta ji waɗanda suka ce a'a, ni kuwa in shiga gidajen rediyo in kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya bar ni na zazzage tas, bai katse ni ba.

“Za ka iya,” ya ce. “Kuma ina tabbatar maka in ka yi haka ka ci zaɓenka ka gama. Za a ɗauke ka a kafaɗa. Amma ramin yana nan, damina kuma tana tafe.”

Ya matso kusa da ni ya ci gaba.

“Ga abin da zan iya. Kada ka bari a kai ga tambayar e ko a'a. Ka miƙe ka nemi izinin majalisa ka janye shi. Wanda aka janye bai mutu ba, ƙofa a buɗe take. Gwamnati tana shirya babban ƙuduri kan muhalli, ni zan gabatar da shi. Zan ɗauki sassanka in zuba a ciki, ba zan taɓa ko wasali ba. Sharaɗi ɗaya ne. Ba za ka ce naka ne ba, ba a rediyo ba, ba a mazaɓa ba, ba a cikin dangi ba, muddin ina cikin siyasa. In maganar ta fita tun yanzu za su cire sassan. In ta fita daga baya, ni za a ce na ci amanar jam'iyya.”

Kafin in tashi na yi masa alkawari. Na dawo gida na tarar da mamanku tana tsince shinkafa a baranda. Na zayyana mata komai, don na gaya wa Alhaji ita kam ba zan ɓoye mata ba, ya kuma yarda. Ta ture farantin.

“Malam, za su ce an saye ka.”

“Na sani.”

“To ko Yaya ka gaya wa. Ita kaɗai.”

Na ce, “Rabi, kin san Yaya. Abin da ta ji da hantsi, kafin azahar an ji shi a gidan suna uku. Ba da mugunta ba, cikinta ne ba ya riƙe magana. In ta ji daɗi sai ta faɗa, in ta ji haushi sai ta faɗa.”

“Ai kuwa za ta tsine maka.”

“Ba za ta tsine min ba, ita ta goya ni.”

Ta dube ni ta ce, “Wannan ɗin ne zai fi ciwo.” Ta ɗauki farantinta ta shige ciki.

Wani abu da ban lissafa da shi ba, ashe Nasiru ya ji a rediyo cewa ranar za a yi karatu na biyu. Ina shiga zaure na ɗaga kai wajen da 'yan kallo suke zama, sai ga Yaya a sahun gaba, da mayafinta na zuwa unguwa, da Nasiru, da maƙwabtansu mota guda. Tana hango ni ta ɗago min hannu. Innalillahi! Dogarin majalisa ya shigo da sanda a kafaɗa, Kakaki na biye da shi, muka miƙe. Aka ɗora sandar a mazauninta, domin in ba ta nan duk abin da aka yi hira ce kawai. Aka yi addu'a, aka amince da rahoton zaman jiya, aka bi jadawali har aka zo kaina. Jawabin da na yi makonni ina gyarawa yana aljihuna, akwai sunan Ummi a ciki. Wallahi na taɓa takardar, saura ƙiris in zaro ta. Na dubi Alhaji Garba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai ko kalle ni ba. Ya bar ni da Allah.

Na ce, “Mai girma Kakaki, abokan aikina masu daraja, ina neman izinin wannan majalisa in janye wannan ƙuduri.”

Kakaki ya tambayi zaure. Aka ce e, har da masu dariya. Guduma ta sauka. Duka abin bai kai tsawon alwala ba. Da na sake ɗaga kai sai na ga Nasiru yana yi wa Yaya bayani a kunne. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta fita ba ta waiwayo ba.

Kamar da gayya, a makon aka raba wa 'yan majalisa motocin aikin kwamiti da aka daɗe ana jira. Kowa ya samu, na gwamnati da na adawa, amma tawa kaɗai aka gani. Sojojin baka suka samu abin yi a rediyo, kullum da ni ake buɗe shiri, wai an ba Malam mota ya sayar da jikarsa. 'Yan jam'iyyata suka kira ni zama, suka tambaye ni dalili, na ce akwai gyare-gyare a ƙudurin. Ba wanda ya yarda, ni ma da ni ne su ba zan yarda ba. Ƙofar gida ta fara yin fili. Malam Hudu, Allah ya saka masa, ya ci gaba da shimfiɗa tabarma kowace safiya ko da ba mai zama, kuma da ya hango ni sai ya murɗe rediyon ya koma tashar wa'azi. Bai taɓa tambaya ta ba. Sau ɗaya kawai, yana buɗe min ƙofa, ya ce, “Ranka ya daɗe, ni dai na ga motar, ban kuma ga ka yi farin ciki da ita ba.”

Na je gaida Yaya. Ta amsa sallama, ta amsa gaisuwa, lafiya lau, lafiya lau, kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. Ba zagi, ba gori. Abu ɗaya ta daina. Tun ina yaro ban taɓa shiga gidanta na fito ba ta tura min kwano gaba ba, ko da ɗumame ne. Ranar har na yi sallama ba ta ce a kawo min ko ruwa ba. Na shiga sabuwar motar nan na kifa kai a sitiyari, ni da furfurata, na yi kuka.

Alhaji Garba bai saɓa ba. Babban ƙudurin ya zo, ya wuce karatu na ɗaya da na biyu sumul, ya je kwamiti, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, kwamiti ya kawo rahoto. Sai aka zo matakin da majalisa gaba ɗayanta take komawa kwamiti. Kakaki yakan sauko daga kujerarsa ya zauna a ƙasa, a daina ce masa Kakaki a koma ce masa shugaba, a sauke sandar nan zuwa matakin ƙasa, sannan a bi ƙuduri sashe bayan sashe. Ina zaune aka zo kan sassana. Ga su nan yadda na rubuta su a teburin falon nan mai yoyo. Wani ya miƙe ya ce a cire maganar cike rami, za ta takura wa masu harkar gini. Na ji jinina yana tafasa, amma na san in na buɗe baki na lalata komai, sai na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya kamar ɗalibin da aka yi wa kashedi. Alhaji Garba ne ya miƙe. A hankali ya yi magana, ya ce akwai wata yarinya da ta bi akuya. Bai faɗi sunanta ba. Da aka yi tambaya, e ɗin da na ƙwala sai da na kusa da ni ya zabura. Aka yi karatu na uku, aka aika wa gwamna, ya sa hannu kafin wa'adinmu ya cika.

Zaɓe kuwa na sha ƙasa, ba ma kusa ba. Har a akwatin ƙofar gidan Yaya. Muka kwashe robobinmu muka bar GRA muka dawo Gawuna, na koma aji. Ba zan ce muku ban ji ciwo ba, na ji, kuma na daɗe ina jin haushin mutane, har da waɗanda ba su da laifi. Amma kafin damina ta biyu aka zo da manyan motoci aka cike ramin bayan gidan Nasiru. Yanzu fili ne, ku da kanku kun buga ƙwallo a wurin. Ban ce dokar ta cike kowane rami a jihar nan ba, har gobe akwai masu karya ta. Wancan dai an cike shi.

Mamanku ta sha ce min, “Yanzu ai an sa hannu, ka gaya mata mana.” Ni kuma na ce alkawarin bai ce har a sa hannu ba, cewa ya yi muddin yana siyasa. Alhaji kuwa bai bar siyasa ba sai da ciwo ya kwantar da shi, lokacin Yaya ta shekara biyu a ƙasa. Da na je duba shi ya riƙe hannuna ya ce, “Malam Isyaku, na riƙe maka kaya sun yi min nauyi. Ka faɗa.” Kada ɗayanku ya riƙe shi a zuciya. Ya yi abin da ya ce zai yi, a lokacin da ba wanda zai tilasta shi.

Saura abu ɗaya, shi ne ban taɓa gaya wa ko mamanku yadda ya kasance ba. Bayan an cike ramin da 'yan watanni matar Nasiru ta haihu, namiji. Da hantsi aka aiko wai Yaya tana kira na. Rabon da ta aiko a kira ni tun kafin ranar majalisa. Na tarar da ita a tsakar gida da jaririn a naɗe cikin zani. Ta miƙo min shi.

“Kai ne babba a mazan gidan nan,” ta ce. “Yi masa huɗuba.”

Na karɓe shi. Na ce, “Wane suna, Yaya?”

“Abubakar. Sunan Alhaji Garba na majalisa, wanda ya yi dokar ramuka.” Ta dube ni ido cikin ido. “Ban taɓa ganinsa ba, bai san ni ba, bai ci tuwona ba. Amma ya share min hawaye.”

Shi ne ɗan'uwanku Abubakar da kuke tsokana da Honarabul. Yau kun san inda ya samo sunan, kuma ban yarda wani ya canja masa ba.

Gaskiyar maganar ta zo min har baki. Kalma kaɗan ce, da na faɗe ta da ta rungume ni a wurin. Na haɗiye. Na kai bakina kunnen yaron na dama na yi kiran sallah, na juya na hagu na yi iƙama, sannan na raɗa masa sunan, ban rage ko harafi ba. Na yi masa addu'a Allah ya raya shi, ya tsare shi daga ruwa da wuta. Na mayar mata da shi, na sa takalmi zan fita.

Har na kai zaure na ji muryarta a bayana.

“Isiya.”

Na tsaya.

“Dawo ka ci abinci.”